Tambaya da Amsa: Wane Labarin Fatalwa Ne Ya Dace da Yaro?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, da yawansu a kan batu guda suka taru, wato labaran ban tsoro da ake ba yara, na fatalwa da aljanu da Dodo. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su yadda fili zai ɗauka.

Assalamu alaikum Malama. Ina da 'ya mai shekara 9 wadda ba ta da abin so kamar labarin fatalwa. Da an idar da sallar isha'i sai ta manne wa kakarta har sai an yi mata. Ƙanenta mai shekara 4 yana zaune ake yi, kuma kwanan nan ya fara farkawa cikin dare yana kuka, ko bayi ba ya yarda ya shiga shi kaɗai. Shin in hana labaran gaba ɗaya?
*Wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su bisa tafarki nagari. Kada ki hana gaba ɗaya, amma ki raba musu zama, domin shekara 5 ɗin da ke tsakaninsu tazara ce mai faɗi a wannan sha'ani. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 bai gama rarrabe abin da ke cikin labari da abin da ke bayan ƙofar ɗakinsu ba, kuma a daidai waɗannan shekaru ne tsoron duhu ya fi kama yara ko da ba a ba su labarin komai ba. In aka ce masa wani farin abu yana fitowa da dare, shi a wurinsa magana ta tabbata, sai dai jiran ranar da zai gamu da shi. Ita kuwa yayarsa ta san labari ne, shi ya sa take roƙo da bakinta. Tana gwada ƙarfin zuciyarta ne alhali tana jingine da cinyar kakarta, ta kuma san in abin ya yi mata yawa za ta ce a bari, a bari. Wannan ba cuta ba ce. Yaron da ya saba jin gabansa ya faɗi sannan ya ga an fita lafiya, yana koyon cewa tsoro abu ne mai zuwa ya wuce.

Sai dai ko ita babbar ba kowane labari ne ya dace da ita ba, kuma a nan nake so ki zauna da Hajiya kaka ku yi magana cikin ladabi, domin ita ce mai baki a wannan fage. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a nisanta labarin daga gida. A kai shi wani gari, bayan wani daji, a wani zamani da ya shuɗe. Kada a sa fatalwa a bayin gidanku ko a zaure ko a bakin rijiyar da ake aiken yaran ɗibar ruwa, domin labari yana ƙarewa amma bayi yana nan, kuma dole yaro ya shige shi gobe. Haka nan kada a taɓa jingina labarin ga mamacin da yaran suka sani, ko kakansu ne ko maƙwabci, saboda hakan yana mayar da wanda ya kamata su riƙa yi wa addu'a ya zama abin gudu. A guji siffanta gawa da jini da likkafani dalla-dalla. Sannan a duba wanda labarin yake kansa: idan yaro ne irinsu, to ya kasance yana da dabarar da zai fita da ita, ko wayo ko waƙa ko taimakon ƙanensa, kada ya zama abin tausayi da ake ta bi har a cinye shi labari ya ƙare a nan. Tatsuniyoyinmu na Dodo mafi yawansu haka suke tun asali. Dodo yana da ƙarfi, yana haɗiye mutum ɗungurungum, amma wawa ne, kuma sau da yawa auta ne ko wata 'yar ƙaramar yarinya ke yi masa dabara a fito da waɗanda ya haɗiye.

Shi ƙaramin, a yi masa tasa tatsuniyar da wuri, ta Gizo da Ƙoƙi ko ta kura da aka yi wa wayo, a kwantar da shi, sannan a yi wa yayarsa tata. Yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, mai shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12, kuma ƙarancin barci shi kansa yana ƙara munanan mafarkai. Idan ya farka yana kuka, ki lura da lokacin. In can wajen asuba ne, ya gane ki, yana iya gaya miki abin da ya gani, to mugun mafarki ne, rungumewa da addu'a da ɗan haske a ɗaki sun wadatar. In kuwa a farkon dare ne, ya yi ta kururuwa ido buɗe bai san ki ba, da safe kuma bai tuna komai ba, wannan firgitar barci ce da ke samun ƙananan yara, ba a tashinsu da ƙarfi, ana tsare su ne kawai kada su bugu, kuma yawanci tana barinsu da kanta in sun girma.

Akwai abu biyu da nake roƙon ki hana a gidanki baki ɗaya. Na farko shi ne bidiyon ban tsoro na waya. Labarin baka yaro ne ke zana surar abin a ransa, ba kuma zai zana abin da ya fi ƙarfinsa ba, mai ba da labarin kuma tana kallon fuskarsa tana sassautawa. Bidiyo kuwa ba ya kallon fuskar kowa. Na biyu shi ne al'adar nan ta cewa “yi shiru ko in kira maka Dodo”. Wannan ta fi kowace tatsuniya ɓarna, domin daga bakin uwa ta fito a matsayin gaskiya, kuma uwar ce wadda yaro ya kamata ya gudo wajenta in ya tsorata.

Malama, ni ina koyarwa a makarantar Islamiyya. Ina ganin waɗannan labarai ƙarya ce tsagwaronta, kuma suna sa wa yara aƙidar cewa mamaci yana dawowa. Yaya za a ce wani daga cikinsu ya dace?
*Wani malami, Ƙofar Marusa, Katsina*

Allah ya gafarta Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma na yarda da rabinta ba tare da jayayya ba. Mamaci ba ya dawowa. Aya ta 99 da ta 100 a Suratul Muminun sun kawo wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, kuma a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Saboda haka duk babban da ya zaunar da yaro ya rantse masa cewa wane ya mutu amma an gan shi a kasuwa, ko yana yawo a maƙabarta da dare, ya koya masa abin da ba shi da tushe, ya kuma cuce shi. Aljanu kuwa halitta ce ta gaskiya, akwai sura sukutum da sunansu, sura ta 72, kuma daidai saboda gaskiya ne bai kamata a riƙa ƙirƙira musu labarai ana miƙa wa yara a matsayin ilimi ba.

Inda na saɓa da kai shi ne kiran tatsuniya ƙarya irin wadda aka hana. Maƙaryaci yana so ne a yarda da shi, mai tatsuniya kuwa tun daga farko take sanar da cewa ba gaske ba ne. In ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku”, yara suka amsa “Ta zo mu ji ta”, kowa ya san an shiga duniyar da Gizo ke magana da sarki. In ta gama ta ce “Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya”, ta rufe wannan duniyar a gaban idonsu. Iyayenmu mata ba da wasa suka riƙe wannan buɗewa da rufewa ba, kuma ina ganin babbar illar labaran da ke yawo yanzu a wayoyi ita ce ba su da ko ɗaya daga cikinsu. Da “wallahi wannan ya faru” suke farawa. Don haka abin da zan ce shi ne, labarin ban tsoro ya dace da yaro idan an ba shi a matsayin tatsuniya a fili, ko kuma idan a ƙarshensa an gano ainihin abin da aka ɗauka fatalwa ne.

Kuma kai Malam kana da abin da marubuci ba shi da shi. Ka koya musu abin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai kwanta yakan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ya tofa a tafukansa ya shafe jikinsa, sau uku; ka koya musu Ayatul Kursiyyu, ka bayyana musu cewa umurnin shigar da yara gida a farkon magariba hadisi ne ingantacce, ba sai an haɗa musu da wani ƙagaggen labari ba. Ka kuma tuna wa manyan ɗalibai hadisin da Abu Dawuda ya kawo, na sahabin da ya yi barci a tafiya wani ya ɗauke masa igiya ya farka a firgice, aka ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Idan ɗauke igiya ya jawo wannan magana, ina ga wanda ya lulluɓa da farin zane ya tsaya wa ƙanensa a lungu?

Malama, ina koyar da Hausa a aji 4 da 5 na firamare. Ina so in rubuta wa ɗalibaina 'yan gajerun labaran ban tsoro domin na lura su ne kaɗai ke sa su karatu ba tare da an matsa musu ba. Ta ina zan fara?
*Wata malamar firamare, Daura*

Malama, Allah ya yi wa aikinki albarka, kuma ki fara daga bakin ƙofarki. Babu yaron Daura da bai san labarin rijiyar Kusugu ba: macijiya ta tare rijiya, ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya nemi ruwa aka ce babu, ya ɗauki guga ya tafi shi kaɗai. Duba abin da ke ciki, dare da rijiya da macijiya da mutum guda, duk kayan tsoro sun cika. Amma ban taɓa jin yaron da labarin Bayajidda ya hana barci ba, domin da gari ya waye an kashe macijiya, kowa ya sami ruwa. Wannan tsari shi nake so ki riƙe: abin tsoron ya zama ya tare wa mutane wani amfani, a sami wanda ya tunkare shi duk da gabansa yana faɗuwa, a ƙare da sauƙi ya samu.

Ga misalin da za ki iya faɗaɗawa. A wani ƙauye akwai kango a bakin gari kusa da wata tsamiya, kullum bayan isha'i ana jin wani huci daga ciki, wasu kuma sun ce sun ga farar fuska tana leƙe ta saman katanga. Mata suka daina bin hanyar, suna zagaye mai nisa zuwa rijiya. Ran nan akuyar Auta ba ta dawo ba, sawunta kuma ya nufi kangon. Ya je ya gaya wa kakansa, tsohon ya ɗauki sanda ya miƙa masa fitila, ya ce shi zai riƙa haskawa. Suka isa, wuri ya yi tsit, sai kukan gyare. Can sai hucin ya tashi, Auta ya ji ƙafafunsa sun yi sanyi, ya damƙe gefen rigar kakansa, fitila tana rawa a hannunsa. Tsohon ya ce, “Ɗaga ta sama, jikana.” Ya ɗaga, sai ga fuska fara fat da baƙaƙen idanu tana kallonsu daga wani rami a jikin bango, a bayanta kuma 'yan kawuna uku suna ta huci suna jiran abinci. Farar mujiya ce da 'ya'yanta. Akuya kuwa tana kwance a gindin bango tana tuƙa.

Ki lura da abu biyu a nan. Auta bai tafi shi kaɗai ba, domin ba ma so mu koya wa yara shiga kango da dare, inda maciji da kunama suke na gaske. Amma kuma shi ne ya riƙe fitilar, don haka jarumtar tasa ce. Sannan abin da aka gano gaskiya ne: farar mujiya tana sheƙa a kangaye da kogon itace, 'ya'yanta suna yin irin wannan huci, kuma ɓeraye take ci, wato mai taimakon manomi ce duk da baƙin jinin da take da shi a wurinmu. Yaro ya ji tsoro, ya yi dariya, ya kuma tashi da sani.

Ba na cewa kowane labari sai ya ƙare da mujiya. Idan kika yi haka sau uku, 'yan aji 5 za su gano ki tun daga layin farko. Wani lokaci ki bar Dodo ya zama Dodo na sosai a cikin tatsuniyarsa, da waƙarsa da ake maimaitawa sau uku tana ƙara matsowa, domin maimaici da waƙa su ne ke gina fargaba a tatsuniya, ba yawan jini ba. Ki yi amfani da kalmomin da kunne ke ji, irin su tsit da wuf da baƙi ƙirin, ki taƙaita labarin yadda za a karance shi cikin minti 10, kuma in za a yi zane, a nuna inuwa ko sawu maimakon cikakkiyar fuska. Wajen neman tushe, akwai tarin tatsuniyoyin Hausa da wani Bature, Frank Edgar, ya buga a juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, sai dai ba don yara aka tara shi ba, sai kin tace sosai, rubutunsa kuma irin na da ne. Jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, littafi 6, shi ya fi kusa da bukatarki domin 'yan makaranta aka yi wa shi. Amma tsofaffin matan unguwarku sun fi kowane littafi. Ki nemi izininsu ki naɗi muryarsu a waya tun suna raye.

Anti, ina aji 2 a ƙaramar sakandare ta kwana. Manyanmu suna cewa akwai wata mata mai takalmin ƙwas-ƙwas da ke yawo a ɗakin kwana. Daren jiya na farka na kasa motsi, na ji kamar an danne mini ƙirji. Ita ce?
*Wata ɗaliba, Katsina*

Ba ita ba ce, 'yata, ki kwantar da hankalinki. Labarin mai takalmin nan ana ba da shi a makarantun kwana a faɗin Nijeriya, a kudu Madam Koi Koi suke ce mata, kuma kowace makaranta tana cewa a cikinta abin ya faru. Abin da ya same ki kuwa dannau ne. Lokacin da mutum yake mafarki, ƙwaƙwalwa tana sassauta gaɓoɓinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci sai hankali ya farka kafin gaɓoɓi su sake, mutum ya kasa motsi na 'yan daƙiƙoƙi ko minti ɗaya zuwa biyu, har ya ga kamar akwai wani a kansa saboda saurar mafarkin ba ta gama washewa ba. Ya fi samun matasa da masu ƙarancin barci da masu kwanciya rigingine, kuma ba ya kisa. Ki riƙa kwanciya a gefenki na dama da addu'arki, in ya zo ki yi numfashi a hankali ki yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa. Idan yana yawan zuwa, ki gaya wa malamar da ke kula da ɗakinku a kai ki asibiti. Idan kuma manyan suna tilasta muku sauraron labarin, ko suna taka takalmi da dare don su firgita ku, wannan cin zali ne, ki kai ƙara.

Malama, 'ya'yan ƙanwata biyu suna wurina tun da suka baro ƙauyensu a yankin Batsari saboda 'yan bindiga. Yarana suna son labaran Dodo, amma su in an fara sai su ƙanƙame juna. In ci gaba don su saba?
*Wata uwa, Sabuwar Unguwa, Katsina*

A'a 'yar'uwa, ki dakata, kuma Allah ya saka miki da alheri bisa riƙon zumunci. Duk abin da na faɗa a sama na yaron da ke zaune cikin aminci ne, wanda tsoro bai taɓa shigo masa gida da gaske ba. Waɗannan kuwa sun ji ƙarar bindiga, sun yi gudu da dare, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. A wurinsu Dodon da ke zuwa da dare ya ɗauke mutane ba tatsuniya ba ce. A jiharmu da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disamban 2020, wajibi ne duk mai ba yara labari ya fara sanin waɗanda ke zaune a gabansa.

Ki ja yaranki gefe ki yi musu bayani cewa baƙinsu sun sha wahala, za a ajiye Dodo zuwa wani lokaci, kuma ki sa su cikin aikin lallashin don kada su ji an hana su abu saboda wasu. A koma tatsuniyoyin ban dariya da kacici-kacici da wasannin dandali. Idan yaran suka fara ba da labarin abin da suka gani, ko suna kwaikwayonsa a wasa, kada ki tsawata musu, kada kuma ki matsa musu da tambaya. Ki saurara, ki gaya musu cewa yanzu suna gidanki kuma ƙofa a kulle take. Ki tsayar musu da lokacin cin abinci da na kwanciya, ki bar musu 'yar fitila, ki bari su kwana kusa da juna. Idan aka wuce wata guda suna zabura da ƙarar babur, ko wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ɗaya ya daina magana da cin abinci, ki kai su wurin likitan yara ki faɗa masa duk abin da ya faru a ƙauyen ba tare da ɓoye komai ba.